Jan Layin Shafi na Goma Sha Ɗaya

Samaru, Zariya.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kin sauka lafiya, sun ba ki ɗakin da suka yi alkawari, ruwan garin kuma bai ɓata miki ciki ba. Allah ya tsare ki daga sharrin baƙon wuri, da na abin da ke kwance cikin akwatunan da za ki yi aiki a tsakiyarsu.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Nemi wuri ki zauna, ki karanta takardar nan har ƙarshe kafin ki taɓa ko filaya. Na san halinki, nawa kika ɗauko, ki karanta layi uku ki ninke ki ce kin gane. Wannan karon kada ki yi mini haka.

Shekaranjiya da muka dawo daga raka ki tasha, na buɗe akwatin kayan aikina ban ga baƙin littafina ba. Na tambayi Mamarki, sai ta ce, "Ai na sa wa yarinyar a jaka. Ba haɗa wutar kantar macizai za ta fara da shi ran Litinin ba? Wa ya fi ubanta sanin wannan aiki?" Tana faɗa tana murmushi, ita a ganinta abin kirki ta yi. Ni kuwa na rufe ta da faɗan da ba ta ci ba, har yanzu fushi take da ni. Na je wurin mai wayar haya a ƙarƙashin lema a bakin titi na kira layinki ya fi sau goma, ba ya shiga. An ce garin naku sai an hau tudu ake samun sabis. Shi ya sa na koma ga biro da takarda, zan ba direban da ya kai ki ya danƙa miki hannu da hannu.

Ga maganar tun farko, ko da sauran takardar ta ɓata. A shafi na goma sha ɗaya na littafin akwai zanen haɗin wutar kantar macizai gaba ɗaya, da baƙin biro. A jikinsa akwai layi guda da jan biro, ya taso daga soket, ya tsallake tamostat mai yanke wuta, ya faɗa kan tef ɗin ɗumi kai tsaye. Ban rubuta komai a gefensa ba, don haka za ki ɗauka cikin aikin yake. Kada ki haɗa shi. Idan kika haɗa shi za ki gasa macizan mutane, kuma mai yiwuwa ki kashe mutum. Na sani, domin ni na haɗa shi.

Kina aji biyar a firamare lokacin da aka ɗauke ni aiki a ɗakin binciken nan na Samaru, inda Dokta, shugaban wurin, yake ajiye kububuwa da kasa da gamsheƙa, ana tatsar dafinsu don nazarin magani. Ni ba ruwana da maciji, mai gyaran wuta ne ni, a Sabon Gari na koyi sana'a. Damuwar Dokta ita ce idan sanyi ya shigo macizan sai su ƙi cin abinci su lafke. Da ya yi tafiya waje sai ya dawo da tef ɗin ɗumi, naɗi guda. Abu ne kamar leda mai kauri, faɗinsa tafin hannu, da siririn jan ƙarfe a gefe biyu. A shimfiɗa shi a bayan kanta, a jera akwatunan roba a kai, in ya samu wuta sai ya ɗumama su. Ya kuma zo da tamostat, wanda aikinsa ɗaya ne, ya yanke wuta idan zafi ya kai inda aka saita. Tamostat ɗin yana da 'yar siririyar waya mai ƙulli a baki, da ita yake jin zafin. Ni hanci nake ce mata, ke kya san sunanta na makaranta.

Kuskurena na farko tun ranar da kayan suka iso na yi shi. Takardar bayanin da ta zo da su, ƙarƙashin kofin shayina na sa ta. Ni da na yi shekara goma sha biyar ina wasa da wuta, wai takarda ce za ta koya mini? Na yanko guntu na jona a bango. Kafin in juya ya yi bororo yana wari. Ashe na ƙasar da ke amfani da wuta ɗari da goma ne, tamu kuwa ta ninka haka. Dokta ya shigo yana toshe hanci ya ce, "Malam Ayuba, ka karanta takardar kuwa?" Na ce na karanta, kayan ne ba su da kyau. Sai ya ɗaga kofina ya zaro ta da tambarin shayi a kai. To ke, ki duba abin da aka rubuta a jikin tef da na tamostat kafin ki warware su. Idan ba irin wutarmu ba ce, a nemo taransifoma mai rage ta. Ki lissafa abin da tef ɗin kowace kanta zai ja, ki haɗa jimla, ki ga ko tamostat zai iya ɗauka, ki kuma bar masa sarari. Abin da ba ki gane ba ki tambaya, ko da mai shara ne a wurin zai ji kina tambaya.

Na biyu, kin san babban yatsana na dama da ba ya lanƙwasuwa sosai, wanda kuke yi mini dariya da shi in ina cin tuwo. Na ce muku ƙofar mota ce. Ba ƙofar mota ba ce. Idan aka yanka tef, jan ƙarfen nan yana fitowa tsirara a bakin yankan. Na rufe bakin da na jona wa waya, ɗaya bakin na can ƙarshe na bar shi, wai ai ba wanda zai kai hannu wurin. Wayar ma ban matse ta da maƙalin da ya zo da kayan ba, murɗe ta na yi da hannu na naɗa salatif, yadda muke yi wa fitilar shago. Kantar kuwa ƙarfe ce, a Sabon Gari aka yi mana waldarta, ban kuma sa mata wayar ƙasa ba. Wata safiya an wanke daɓe, ina tsaye da silifa, na dafa kantar. Kai! Ji na yi kamar an doke ni da taɓarya daga kafaɗa. Na fizgi hannu, yatsan ya maƙale a bakin akwati, na janyo akwatin rabi a buɗe, ga kasa a ciki ta hura jiki tana huci.

Wanda ya tura akwatin da sanda ya rufe, kin san shi. Baba Iliya ne na Dogarawa, mai ɗingishi, wanda ya riƙe ki ranar baftismarki. A lokacin ƙafafunsa biyu lafiya lau, har ƙwallo yake bugawa da matasan coci. Shi ne mai kula da macizan, yana ba su abinci da ruwa, yana kiransu 'ya'ya. Ya dube ni ya ce, "Ayuba, in mutuwa kake nema ka zaɓi ɗaya mana, wuta ko maciji. Duka biyu ai zari ne." Muka yi dariya.

Don haka kowane baki da kika yanka, ki rufe shi gaba da baya da salatif mai kyau, ninki biyu. Waya ki matse ta da maƙalinta, ki ja da ƙarfi ki ga ba ta zarewa, sannan ki rufe. Idan kantarku ƙarfe ce, wayar ƙasa wajibi ce, ki kuma auna da mita ki tabbatar, kada ki gwada da bayan hannu kamar ubanki. Fis kuma ki sa daidai ƙarfin aikin. In ya ƙone, dalili ne ya ƙona shi, nemi dalilin. Za ki samu wanda zai ce miki a ɗaure shi da silin waya a wuce wurin. Ki kore shi.

Na uku shi ne hancin nan. Na rataye shi a gefen kanta yana lilo a iska. Iska tana da sanyi, shi kuwa sai ya yi ta gaya wa tamostat a ƙara wuta, alhali tef ɗin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Ni ban lura ba. Iliya ne ya kira ni ya ce, "Zo ka ga 'ya'yan nan. Duk sun gudo gaban akwati sun manne, ba mai zuwa baya. Wani abu yana korarsu." Na ce masa ya tsaya kan macizansa ya bar mini wutata. Sai da na sa hannu a ƙasan akwati na ji kunya. Ki manna hancin a jikin tef ɗin kansa, da salatif mai ƙyalli wanda zafi ba ya saki, a inda akwati ba zai goge shi ba in ana ja ana turawa. Tef ya tsaya a kashi ɗaya cikin uku na bayan akwati, don maciji ya samu inda zai guje wa zafi. Kada ya hau kan ɗan'uwansa ko kaɗan, wurin ne yake fara cin wuta. Mai kula da macizan wurinku kuma, ko bai yi makaranta ba, in ya ce wani abu ya canza, ki ajiye abin da kike yi ki je ki gani.

Na san kin lura ina ta kewaye. Waɗannan ukun duk na gyara su, a littafin ma gyararrun ne. Ga wanda ban gyara ba.

Shekara ta uku, ana tsakiyar sanyi, tamostat ya fara taɓara. Ya yanke wuta ya ƙi maidowa. Na buɗe shi na ga ba gyaran nan ba ne. Na zaga Sabon Gari shago shago, ba mai irinsa, wani ɗan kasuwa ya ce sai an aiko daga Legas, mako biyu. Macizai suka daina ci. Dokta yana jiran baƙi, kullum sai ya leƙo ya ce, "Malam Ayuba, har yanzu?" Ni kuma ba na son a ce akwai abin da ya gagare ni. Sai na yi abin da muke yi wa fanka da firji da injin ruwa a garin nan idan makunni ya mutu. Na yi masa darek. Na yanko jar waya tsawon kamu biyu, na tsallake tamostat, na ba tef wuta kai tsaye ta bayan kanta ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Dabarata ita ce ni zan zama tamostat. In kunna, in tsaya rabin awa, in kashe. Na zana layin a littafi da jan biro don in tuna in cire. Ban gaya wa Dokta ba, ban gaya wa Iliya ba.

Kwana huɗu abin yana tafiya. Ran Juma'a da la'asar na kunna, ko minti goma ba a yi ba aka ɗauke wuta. Na zauna jira. Fanka ta tsaya, ɗaki ya yi tsit, tef ya huce. Can aka aiko ana nemana a Basawa, wani soja injin ruwansa ya lalace. Na dubi ɗakin, ba abin da ke ci, ba abin da ke ƙara. Na kulle ƙofa na tafi. Makunnin yana kunne, Rifkatu. Ban kashe ba. Wuta ce babu, ni kuma kaina ya ɗauka a kashe yake.

Da hantsin Asabar aka maido wuta, ba kowa a wurin. Iliya ya zo da azahar zai ba su ruwa. Tun daga baranda ya ji warin roba. Akwatunan sama sun narke, macizan ciki sun gasu. Na ƙasa sun huje ta baya, waɗansu sun fita. A ɗakin nan kububuwa ta sare shi a idon sawu. Kin san aikin dafinta, jini ba ya tsayawa. Na same shi a asibiti dasashinsa yana zubar da jini, ƙafar ta kumbura har cinya, matarsa tana zaune a ƙasa ta kasa kuka. Ya yi makonni a kwance. Ya tashi, amma ƙafar ba ta dawo ba, aikin ma bai koma ba.

Daga asibiti ban zarce gida ba. Ɗakin na koma, bayan an kama sauran macizan, na durƙusa a bayan kanta ina laluben jar wayar. Ba ta nan. Na ce ko ta narke cikin robar, ko masu kwashe shara sun tafi da ita. Allah ya gafarta mini, a wurin nan na gode masa. Da aka zauna bincike na ce wuta ce ta dawo da ƙarfi ta ƙona tamostat. Wa zai musa? Kowa a teburin an taɓa ƙona masa talabijin ko firji ta haka. Aka rubuta, aka rufe magana. Haka na gaya wa Mamarki, haka na gaya muku. Shekara tara ke nan ina zama benci ɗaya da Iliya a coci, ina ba shi hannu in zai hau matakala, yana ce mini na gode.

Shafin kuwa na sha buɗe shi da niyyar yagewa, in kasa. Ban san dalili ba. Sai ga shi ya bi ki a jaka.

To saurara da kyau. Tef ba ya shiga bango sai ta cikin tamostat, ko na minti ɗaya. In tamostat ya mutu, zare fulogi. Macijin da ya ji sanyi abinci kawai zai ƙi, ya yi mako biyu a haka ba abin da zai same shi. Ki nemi su saya miki tamostat biyu, ki jera su ɗaya bayan ɗaya, na biyun ki saita shi sama kaɗan, don in na farko ya maƙale a kunne ɗan'uwansa ya yanke. In sun ce tsada, ki sa su rubuta a takarda cewa su suka ƙi. Idan kin gama haɗi kada a sa maciji ko ɗaya sai kantar ta yi kwana biyu tana aiki da akwatuna wayam, kina auna zafin kowane layi da ma'auni, sama da ƙasa, safe da yamma. Duk ranar da za ki bar ɗakin babu wuta, ki bi makunni ɗaya ɗaya da hannunki kamar wutar tana nan, domin za ta dawo ba ta gaya miki ba.

Za su matsa miki, wannan na tabbata. Ke sabuwa ce, ga ki mace, wani zai tsaya a kanki ya ce, "Haba injiniya, ɗan darek ɗin nan ma ba ki iya ba? Kira mana yaron kasuwa ya yi." Zuciyarki za ta tafasa, don irin tawa ce. Ki bari su ce ba ki iya ba. In kuma kika yi kuskure, don za ki yi, ki faɗa a ranar da bakinki, tun ana iya gyarawa.

Wannan na ƙarshen ba ni da bakin faɗa miki shi. Na rubuta takardar nan har zuwa nan jiya da safe, na karanta, na ga ba zan iya aika miki da abin da mai ƙafar bai ji ba. Na hau acaɓa zuwa Dogarawa. Na same shi a ƙofar gida yana saƙa kujerar roba, sana'ar da ya koma. Ya ce, "A'a, Ayuba, ran aiki? 'Yata ta sauka lafiya?" Na ce ban sani ba tukuna. Na ƙi zama. A tsaye na faɗa masa komai, tun daga jar wayar har abin da na ce a wurin bincike.

Bai ɗago ba sai da ya ƙarasa layin da yake saƙawa. Sannan ya jawo sandarsa ya shiga ciki. Na ce shi ke nan, ya rufe ni waje, kuma daidai ne. Sai ga shi ya fito da tsohon gwangwanin madara, ya buɗe ya miƙo mini. Jar wayar ce a naɗe, baki ɗaya ya ɗan ƙone.

Ya ce, "Da na buɗe ƙofa, babban makunni na fara kashewa, yana nan bakin ƙofa. Da na juya daga nan, da ba abin da ya same ni. Sai na hango wannan ta ƙarƙashin kanta. Na san murɗin hannunka. Na ce in Dokta ya gan ta aikinka ya ƙare, ga yara huɗu. Sai na shiga na tsuguna in cire."

Rifkatu, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na ce, "Iliya, shekara tara! Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Kai nake jira ka fara. Ka daɗe, ba zan ɓoye maka ba. Akwai shekarun da in na ga ka miƙo mini hannu a matakala sai in ji kamar in ture ka." Sannan ya ce, "Tashi, mutane suna kallo. Maganarmu ni da kai ba ta ƙare ba, za mu yi ta. Yanzu dai ka aika wa yarinyar da wannan kafin Litinin."

Abin da kika ji yana motsi a cikin ambulan ita ce. Ki riƙe ta a akwatin kayan aikinki inda za ki riƙa ganinta. Shafin kuma ki yage shi, ki sake zana naki da hannunki. Mamarki ba ta san komai ba tukuna, ina dawowa daga tasha zan zaunar da ita. Abin da za ki ɗauke ni bayan wannan takarda, ban isa in zaɓa miki ba. Roƙona ɗaya ne. In kin karanta, ki hau tudun nan ki yi wa salular Mamarki filashin sau ɗaya, ba sai kin yi magana da ni ba. Zan gane ta iso ki kafin ki fara.

Ubangiji ya tsare hannuwanki da ƙafafunki, ya tsare duk wanda zai buɗe ƙofar ɗakin nan a bayanki. Ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Baba Iliya ya ce in gaishe ki, ya kuma ce ki sa takalmi mai rufe idon sawu.

Ni ne mahaifinki,
Ayuba.